Moto da Janareta: Wanne Ya Fi Koyar da Ɗalibi?

Da wuya ka shiga masana'anta a Sharaɗa, Challawa ko Bompai ba ka tarar da su biyun ba. Moto yana ciki yana juya gangunan jimar fata, janareta yana can baya yana jiran a ɗauke wuta. Tambayi mai naɗa koyil, zai ce maka kayan cikinsu ɗaya ne: wayar jan ƙarfe a nannaɗe, da ƙarfe, da maganaɗisu.

Moto ana ba shi wuta ne ya ba da juyi. A 1820 Ørsted, mutumin Denmark, ya lura cewa waya mai ɗauke da wuta tana karkatar da allurar kamfas. Wato wutar da ke gudu a waya tana haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi ne yake tura abin da ke juyawa. Moto mayunwaci ne lokacin tashi, yakan ja wuta ninkin ba ninkin, shi ya sa ƙwan fitila ke dusashewa idan an kunna babban inji.

Janareta kuwa juyi ake ba shi ya ba da wuta, kamar yadda Faraday ya gano a Ingila a 1831: in maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin waya, wuta za ta gudana, in ya tsaya, shi ke nan. Wutar Najeriya tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, don haka yawancin manyan janaretocin dizal sai sun yi juyi 1,500 a minti. A madatsar ruwa ta Kainji ruwa ke juya janareta, a Challawa man dizal, mai tsadar da masu masana'antu ba sa gajiya da kuka da ita.

A ganina janareta ya fi iya koyarwa, domin ba ya ɓoye wahalarsa. Ana ɗora masa injuna muryarsa za ta yi nauyi, hayaƙi ya ƙaru. Wutar da yake fitarwa ce take yin nata maganaɗisun, ta turje wa juyin da ya haife ta. Wannan ce dokar Lenz ta 1834. Yaron da ya ji wannan da kunnensa ba zai yarda da masu cewa sun ƙera janareta maras cin komai ba.

Malamin da ba shi da ɗakin gwaji ma yana da mafita. Ya ciro ƙaramin moto daga motar wasan yara, ya haɗa shi da batir ɗalibai su ga juyi, sannan ya cire batirin ya sa ƙaramin ƙwai, ya ce wani ya murza da sauri.