Makinka Ya Yi Kyau, To Me Ya Sa Banki Ya Hana Ka Katin Bashi?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Wani abokina da muka gama jami'a tare ya samu gurbin ƙaro karatu a Amurka. Wata biyu da zuwansa ya kira ni cikin dare, ransa a ɓace. Ya nemi katin bashi a wani banki, cikin minti ɗaya kwamfuta ta ce masa a'a. Ya ce, "Wallahi akwai kuɗi a asusuna, kuma ba wanda yake bina ko sisi. Me suke nema?" Na ce masa abin da kake taƙama da shi, wato ba ka taɓa cin bashi ba, shi ne ya ja maka. Ya ɗauka wasa nake yi. To yau wannan maganar za mu warware.

Da farko mu bambance katuna biyu. Katin ATM da yawancinmu muke riƙewa, kuɗinka ne kake cira. Shi kuwa katin bashi, wanda ake kira kiredit kad, kuɗin banki ne kake kashewa har zuwa wata iyaka da aka yanka maka, ƙarshen wata a turo maka lissafi ka biya. Ba jingina, ba mai tsaya maka. Saboda haka kafin banki ya ba ka, tambaya ɗaya ce a ransa: wannan mutumin in ya ci, zai biya?

Ku tuna mai shagon unguwarku da littafinsa na bashi. Ya san wanda ke biya ranar albashi, ya san wanda ke canza hanya in ya hango shi. Banki mai miliyoyin kwastomomi ba zai iya sanin kowa haka ba, sai ya dogara da wani babban littafi. A Amurka kamfanoni uku ne ke riƙe da wannan littafin: Equifax da Experian da TransUnion. Masu ba da bashi suna tura musu labarin wanda ya ci, nawa ya ci, ya biya a kan lokaci ko ya makara. Daga nan sai a matse duk tarihin nan ya zama lamba ɗaya. Ita ce makin bashi. Wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin FICO, wanda ya fito a 1989, kuma yana tafiya daga 300 zuwa 850. Ƙasa da 580 ana ganinsa mai rauni, daga 670 zuwa 739 mai kyau ne, daga 800 zuwa sama kuwa ka kai ƙololuwa.

Kamfanin ya bayyana yadda yake raba nauyin lissafin. Kashi 35 cikin ɗari tarihin biya ne, wato kana biya a kan lokaci ko a'a. A can in ka makara da kwana 30 aka kai rahoto, tabon zai iya zama a takardarka har shekara bakwai. Kashi 30 yawan abin da ake binka ne, musamman in aka gwada shi da iyakar da aka ba ka. Misali an ba ka iyakar dala 1,000, kullum kana kan 900. Ko kana biya, ana ganinka kamar wanda ruwa ya kai wa wuya. Shi ya sa ake yawan ba da shawarar kada ka wuce kashi 30 na iyakarka. Kashi 15 tsawon tarihinka ne. Kashi 10 sababbin basussukan da ka nema kwanan nan. Sauran kashi 10 kuma ire-iren bashin da ka taɓa riƙewa, kamar na mota da na gida da na kati.

Yanzu ku sake duba jerin nan da kyau. Kun ga albashi a ciki? Babu. Kun ga kuɗin da ke asusunka? Babu. Makin yana auna halinka da bashi ne kawai. Attajirin da ke wasa da ranar biya zai iya samun maki ƙasa da na malamin firamare da bai taɓa makara ba. Abokina kuwa ba shi da maki ma gaba ɗaya, domin FICO yana buƙatar aƙalla asusun bashi ɗaya da ya kai wata shida kafin ya iya fitar da lamba. A wurin kwamfutar bankin, shi baƙo ne da ba wanda zai ba da shaidarsa.

To ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Suna ɗauka makin nan kamar makin JAMB ne, in ka haye layi shi ke nan. Ko a JAMB ɗin ma kun san cin maki daban, samun gurbi daban. Makin bashi shaida ɗaya ne daga cikin shaidun da banki ke saurara, kuma hukunci na bankin ne. Fom ɗin neman kati yana tambayar abin da kake samu a shekara, da aikinka, da kuɗin hayar da kake biya. Wata doka da aka yi a Amurka a 2009 ta wajabta wa masu ba da kati su duba ko mutum zai iya biya kafin su ba shi, kuma wanda bai kai shekara 21 ba sai ya nuna yana da kuɗin shiga na kansa ko ya kawo wanda zai sa hannu tare da shi.

Mu ɗauki mutum biyu, kowanne makinsa 720. Na farko yana da aiki tsayayye, katinsa ɗaya, shekara biyar yana riƙe da shi. Na biyu rabin albashinsa na tafiya a biyan wasu basussuka, kuma cikin wata uku ya nemi kati huɗu. Lamba ɗaya ce, amma na farko zai iya samu a hana na biyu. Dalili shi ne duk lokacin da ka cika fom, bankin yana buɗe takardarka, kuma buɗewar nan tana barin alama da ke zama shekara biyu. Alama ɗaya ba ta da wani nauyi sosai. In suka taru a ɗan lokaci, sai ka yi kama da mai neman ɗauki ido rufe. Ga shi kuma kowane banki da ma'auninsa na cikin gida, kowane kati da irin mutanen da aka yi shi dominsu.

Sannan aikin makin bai ƙare a "e" ko "a'a" ba. Ko an amince maka, yana cikin abubuwan da ke yanke iyakar da za a ba ka da yawan kuɗin ruwan da za a ɗora maka in ka bar bashin ya tsallake wata. Na san da yawanmu maganar ruwa tana da nauyi a wurinmu ta fuskar addini. Abin da zan iya faɗa ta ɓangaren lissafi shi ne, a yawancin katuna in ka biya duka abin da ka yi sayayya da shi kafin wa'adi, ba a ɗora ruwa. Hukuncin shiga yarjejeniyar kuwa, wannan a tambayi malamai.

Me abokina ya yi? Doka a can ta ce in an hana ka, kana da haƙƙin sanin dalili. Da wasiƙar ta zo, abin da ta ce shi ne ba shi da isasshen tarihi. Sai ya daina yawon cika fom. Ya karɓi irin katin da kake ajiye kuɗinka a matsayin jingina, a ba ka iyaka daidai da abin da ka ajiye. Yana biyan kuɗin waya da shi, yana sharewa duk wata. Bayan wata shida maki ya fito masa, daga nan ƙofofi suka fara buɗewa a hankali.

Wani zai ce, to mu da muke nan gida ina ruwanmu? Da ruwanmu fa. Katin bashi bai yaɗu a Najeriya ba, amma littafin yana nan. Muna da kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke tattara tarihin bashi: CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma tun 2017 akwai dokar da ke tsara aikinsu. Ga BVN da ke haɗa duk asusunka wuri guda. Wannan dubu goman da ka karɓa a manhajar waya ka goge manhajar kana dariya, mai yiwuwa ta riga ka zuwa littafin. Ranar da ka je neman jarin sana'a na gaske, ita za ta fara gaishe ka.

Saboda haka ga abin da nake ba kaina shawara, nake kuma ba ku. Nemi rahotonka ka karanta, domin ana yin kuskure, kuma kana da damar neman a gyara. Kada ka ci abin da ba ka san ta inda za ka biya ba. In ka ci, ranar biya ta zame maka kamar ranar jarrabawa. In kuma an hana ka, tambayi dalili kafin ka ruga wani bankin. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya canza a zamanin nan shi ne yanzu ana rubuta yadda kowa ya yi da nasa.

Nan za mu dakata. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin tafiya waje ko yana shirin karɓar rance. Sai mun haɗu a shiri na gaba.