Tsarabar Kasuwa da Haƙoran Ƙannenku

Yara, wa ya taɓa jin ƙanensa yana kukan ciwon haƙori da tsakar dare? Tsofaffi sukan ce tsutsa ce. To, ba tsutsa ba ce. Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta cikin baki, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Abincinsu sukari. In sun ci sai su fid da wani ruwa mai tsami, shi ke cin haƙori kaɗan kaɗan har ya yi kogo.

Amma ɗan shekara uku ba shi da ko anini. Wa ke kawo masa sukarin? Masu ƙaunarsa.

A ƙasar Bagudo, in an ci kasuwar Tsamiya ko ta Lolo, can bakin iyakarmu da Benin, wadda ake kira Dahomi kafin 1975, da wuya mutum ya komo gida hannu rabbana. Baba ya zo da minti, kawu da biskit, kaka kuwa ta kwance bakin zane ta ce, "Maigidana, zo ga tsarabarka." Wa ya isa ya hana kaka? In kuma yaro ya ta da rigima uwa tana tsakiyar daka, sai a miƙa masa alewa don ya yi shiru. Yaro kuwa ba wawa ba ne. Ba da jimawa ba zai gane kuka shi ne kuɗin alewa.

Ku lura, tsotso a kai a kai ya fi sha sau ɗaya ɓarna, domin miyau yana bukatar lokaci kafin ya wanke tsamin nan. Mafi muni shi ne kwana da alewa a kunci, gama miyau yakan ragu in ana barci.

Sai kuma tsoro. Yaron da aka saba razana shi da allurar likita, in haƙori ya soma damunsa sai ya ɓoye, ya riƙa tauna da gefe guda har kunci ya kumbura.

Manya kuma su ce, "Ai zai yi famfara." Gaskiya ne, haƙoran fari ashirin ne, duk za su zube. Amma wajen shekara shida waɗansu turame huɗu sukan fito can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Mutane da yawa suna zaton na famfara ne, ba su damu da kai musu asawaki ko buroshi ba. Su kuwa in sun ruɓe, babu waɗansu a ƙarƙashinsu.