"Ruwan ga na cizo": Maganar wutar lantarki a gonar kifi da ɗakin kaji

'Yan uwa masu shirin fara kiwo, yau ba maganar abinci ko irin 'ya'yan kifi zan yi ba. Magana ce da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa min tun kafin in sayi tankina na farko.

Shekarar da na fara kiwon tarwaɗa a bayan gari, hanyar Ambursa daga Birnin Kebbi, tankunan tamfol uku gare ni da ƙaramin injin sumo da muke jefawa ciki idan za mu canza ruwa. Ƙanena ke taimaka min. Wata safiya ya sa hannu zai gyara tiyo, sai ya fizge shi, ya ce: "Yaya, ruwan ga na cizo." Na yi dariya, na ce ƙayar tarwaɗa ce ta soke ka. Ya ce a'a. Na sa yatsa, ni ma na ji wani ɗan tsir-tsir kamar tururuwa na bin fata. Kun san me na yi? Na ce masa ya riƙa sa silifas. Shi ke nan. Muka ci gaba da aiki da injin nan har kwana tara.

Ranar ta goma ya shiga tankin da ƙafa zai kwashe matattun kifi, injin yana kunne. Ina daga nesa na ga ya sandare, bakinsa a buɗe amma babu ihu. Allah ya taimake mu janareta muke amfani da shi ranar, kuma yana kusa da ni, na kashe. Ya faɗi a gefen tanki yana haki. Da mai wayarin ya zo ya duba, sai ga wurin da aka haɗa wayar injin da baƙin salatif, ruwa ya shige shi tuntuni. Ni na yi haɗin nan da hannuna. Na yi digiri a harkar kasuwancin noma, na iya lissafin ribar kifi dubu, amma ban san abin da zan gaya muku yanzu ba.

Wutar da ke soket ɗinmu a Najeriya bolt 230 ce, ko ta NEPA ce ko ta janareta. Amma abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, wadda ake aunawa da miliyamfa. Kusan miliyamfa 1 shi ne tsir-tsir ɗin da na ji a yatsa. Idan ta kai wajen 10 zuwa 15, tsokar hannu takan ƙanƙame, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, shi ne muke cewa wuta ta riƙe shi. Daga 30 zuwa sama numfashi na iya tsayawa, kuma idan ta ƙaru ko ta ɗauki lokaci, bugun zuciya ya rikice. Zuciya ba ta jure wannan fiye da 'yan mintuna.

To me ke hana wutar shiga jiki da yawa? Fata. Busasshiyar fata mai kauri tana tare wuta sosai, shi ya sa za ka ga mutum ya taɓa waya a ɗaki, ta ja shi, ya yarfe hannu ya ci gaba da hira. Jiƙaƙƙiyar fata kuwa kusan ba ta tare komai. Mutumin da ke tsaye cikin ruwa ko kan jiƙaƙƙen siminti, ƙarfin tarewar jikinsa na iya sauka zuwa wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, ka samu miliyamfa 230. Ka kwatanta da 30 ɗin da na ambata. Wayar da ta yi maka wasa a falo ita ce za ta kashe ka a bakin tanki. Mu kuma sana'armu gaba ɗaya cikin jiƙa take: canjin ruwa, wankin mazubin ruwan kaji, wanke ɗakin ƙyanƙyasa. Ko babu ruwa, a watan Afrilu da zafin Birnin Kebbi ke wuce digiri 40, gumi kaɗai ya isa ya jiƙa mutum, kuma gumi da gishirinsa ya fi ruwan rijiya ɗaukar wuta.

Wanda gonarsa ke fadama, irin ta gefen Gulbin Rima daga Argungu har ƙasan Birnin Kebbi, ya ƙara kula. Ƙasar tana da laima kusan duk shekara, ruwa yana kusa. Wannan ne ya sa kiwon kifi ke da sauƙi a wurin, kuma shi ne ya sa mai tafiya ba takalmi yake zama hanya mafi sauƙi da wuta za ta bi ta shiga ƙasa.

Ga kuskuren da na fi ji a bakin mutane: "Ai ina da bireka, in wani abu ya faru za ta faɗi." Ba za ta faɗi ba. Bireka da fiyus an yi su ne don kare waya daga ƙonewa. Bireka mai amfa 16 ba ta motsi sai wutar da ke bi ta cikinta ta wuce miliyamfa 16,000. Ɗari biyun da ke ratsa ƙirjinka, a wajenta kamar an kunna ƙaramin ƙwan fitila ne. Za ta ci gaba da ba da wuta har a gama.

Abin da ke kare mutum wata na'ura ce daban, ana kiranta RCD, a shagunan kayan wuta wasu na ce mata RCCB. A ido kamar bireka take, amma tana da ƙaramin maɓalli na gwaji a gaba. Aikinta shi ne auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. Idan lafiya lau ne, daidai suke. Idan wani ɓangare ya zurare ta ruwa, ko ta jikin inji, ko ta jikin mutum, sai ta ga lissafi bai cika ba, ta yanke wuta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ka duba jikinta ka tabbata an rubuta 30mA. Akwai masu 100 da 300, waɗannan don kare gini daga gobara ne, ba don ranka ba. Ni wadda na saya kuɗinta bai kai na buhun abincin kifi biyu ba. Kuma ka riƙa danna maɓallin gwajin duk wata. In ka danna ba ta faɗi ba, ta mutu, ko kuma jabu ce tun asali, don suna nan a kasuwa.

Wani abu da zai faru bayan ka sa ta: za ta fara faɗuwa, ka ji haushi. Na san wanda ya cire tasa ya ce tana damunsa. Ba damunka take ba, gaya maka take akwai inda wuta ke zurarewa. Ka cire kayan ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin.

Abokiyar aikinta ita ce wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin, mai launin kore da rawaya. Ita ke haɗa jikin ƙarfen famfo, firiza ko injin ƙyanƙyasa da sandar da aka kafa cikin ƙasa, don idan wuta ta taɓa jikin ƙarfen ta samu hanyar wucewa ba ta jikinka ba. Mu kuma me muke yi? Mu yanke fulogi mai ƙafa uku, mu tura tsirarar waya biyu cikin soket, mu danne da tsinken ashana. A wurin da ƙasa ke da yashi kuma ta bushe da rani, sandar atin ba ta aiki sosai, sai a kafa ta da zurfi a inda ke da laima. Idan janareta ko inbata kake amfani da shi, ka sa mai wayarin ya gwada RCD ɗin a kansa musamman, don wasu ƙananan janareta yadda aka haɗa cikinsu bai barin ta yi aiki sai an gyara haɗin atin ɗin. Wannan ba aikin yaron unguwa mai riƙe da testa ba ne. Hukumar NEMSA tana ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, ba laifi ka tambaya.

Masu kaji kada ku ce wannan ta masu kifi ce. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, kowa na rataya ƙwan fitila don ɗumama 'yan tsaki, kuma yawanci a jikin ragar waya ko ƙusar kwano ake ɗaure wayar. Ɓera ya ci bayanta, ko tururin kashin kaji ya cinye wurin haɗi, sai ragar ɗakin gaba ɗaya ta ɗauki wuta. Yaron da ya zo da bokitin ruwa da asuba ya dafa ƙofa. Ka sa waya cikin bututun roba, soket ya kasance sama nesa da ruwa, mariƙin ƙwan fitila na roba ko na tangaran.

Janareta kuma, kada a kuskura a tura wutarsa cikin soket ɗin bango da waya mai fulogi biyu. Bayan haɗarin fulogin da ke hannunka, wutar na iya komawa kan layi ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton an ɗauke wuta. A sa abin sauya layi, cenjoba.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga cikinmu sun koma famfon sola, kuma na ji ana cewa wutar sola ba ta ja. Tana ja. Babban faifai ɗaya na ba da bolt 40 zuwa 50, ka jera shida ka wuce 200. Kuma ba ka iya kashe rana. Muddin haske na kansu akwai wuta a wayar. RCD ta gida ba ta aiki a wannan ɓangaren. Sai ka kashe makunnin da ke tsakanin faifan da inji, ko ka rufe su, kafin ka taɓa.

Sai manyan wayoyin sama. Kafin ka ɗaga dogon bututun ƙarfe ko tsani, ko ka zaro sumo daga rijiyar burtsatse, ɗaga kai ka duba. Layin bolt 11,000 ko 33,000 ba sai ka taɓa shi ba, in ka matsa kusa yana tsallakowa. Kuma kada arhar fili ta sa ka gina ɗakin kaji a ƙarƙashinsa. A watan Afrilun 2017 irin wannan waya ce ta tsinke ta faɗa kan gidan kallon ƙwallo a Kalaba, aka rasa rayuka.

Idan abin ya riga ya faru, kada ka kama mutumin, kada ka shiga ruwan, ku biyu za ta haɗa. Da janaretan nan ba kusa da ni yake ba, na san tanki zan faɗa, kuma da yanzu wani labarin ake. Kashe wuta tukuna. Idan makunnin ya yi nisa, tsaya kan busasshen wuri ka ture wayar da busasshiyar sanda. Idan babbar wayar sama ce, ko da sanda kada ka gwada, ka ja baya aƙalla mita 10, a kira kamfanin wuta. Bayan an raba shi da wutar, duba ko yana numfashi. In ba ya yi, kwantar da shi a wuri mai tauri, ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, ka danna da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Madarar da ake cewa a ɗura masa ba ta cire wuta daga jiki, kuma wanda ya suma in aka ɗura masa abu shaƙe shi zai yi. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, don rikicewar bugu na iya biyo baya, ƙunar wuta kuma ta fi yin ɓarna a ciki. A Birnin Kebbi ga Asibitin Sir Yahaya, a Argungu ga babban asibitin gari.

Ƙanena ya kwana ɗaya a asibiti aka sallame shi. Yanzu a gonata makunni ɗaya ne ke kashe komai, yana bakin ƙofa inda hannun yaro zai kai, kuma duk wanda ya zo aiki shi nake fara nuna masa kafin in nuna masa inda abinci yake. Ba a sa hannu a tanki sai an zare fulogin sumo, zarewa, ba kashewa kawai ba. Wayarsa kuma guda ɗaya ce daga inji har soket, babu haɗi a tsakani.