Uba yana ajin gyaran hali, wa ke kula da ɗansa?

Tun 2021 dokar Ingila ta amince cewa yaron da ya ga ana dukan uwarsa, ko ya jiyo daga ɗaki, shi ma an zalunce shi. Amma shirye-shiryen gyaran halin da ake tura maza masu cin zalin matansu sun bar yaron a baya, kuma wannan sakaci ne.

Matsalar daga tushe take. Yawancinsu sun gaji tsarin Duluth da aka soma a jihar Minnesota ta Amurka a farkon shekarun 1980, wanda mutum biyu ya sa a gaba. Miji yana zama da 'yan'uwansa maza mako-mako, mata kuma tana da ma'aikaciyar da ke bibiyar tsaronta. Yaro ba shi da kowa, alhali sau da yawa dominsa uban ya zo: kotun iyali ce ta hana shi ganin 'ya'yansa sai ya kammala. Yaron ya zama ladan da ake yi wa uba alkawari, ba tare da an tambaye shi ko yana son ganin uban ba. Rahoton kwamitin Ma'aikatar Shari'a na 2020 ya soki yadda kotuna ke fifita haɗa uba da ɗa ko ta halin ƙaƙa, kuma a 2022 hukumar Cafcass, mai ba kotunan iyali shawara kan yara, ta daina tura iyaye maza irin waɗannan shirye-shirye.

Binciken Mirabal, wanda Liz Kelly da Nicole Westmarland suka fitar a 2015, ya nuna abin da ke biyo baya. Duka ya ragu matuƙa bayan shekara guda, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na iyaye mata sun ce har lokacin 'ya'yansu na tsoron uban. Hannu ya daina sauka, faɗuwar gaba ba ta daina ba.

Wasu na cewa kuɗin kaɗan ne, gidajen da mata ke fakewa sun fi buƙata, kuma gaya wa yaro inda ubansa yake zuwa na iya sa masa ran da zai karye. Haka ne. Sai dai yaron da aka ɓoye wa magana shi zai ƙirƙiro tasa, galibi ya ɗora wa kansa laifi.

Shirin Caring Dads na Kanada yana ɗaukar mako 17 yana tunkarar namiji a matsayinsa na uba. Ko a nan, uban ne ke cikin aji. Ma'aikacin da zai zauna da yaron shi kaɗai, ya ji ta bakinsa, shi ne har yanzu ake ƙyashin biyan albashinsa.