ƘAUYUKAN TAURARI DA KE KEWAYE DA NAMU BIRNIN

A daren da babu wata, idan mutum ya fita bayan gari ya ɗaga kai, zai ga wani farin layi kamar hayaƙi ya ratsa sararin sama. Ba hayaƙi ba ne. Taurari ne masu ɗimbin yawa, nisa ya sa suka haɗe a ido. Turawa suna kiransa Hanyar Madara. Masana sun ce wani ƙaton birni ne na taurari fiye da biliyan 100, kuma ranarmu ɗaya ce daga cikinsu.

Kowane birni yana da ƙauyuka a gefensa. Haka wannan ma. An gano ƙananan tarin taurari fiye da 50 suna zagaya shi.

To, yaya nisansu yake? Kilomita ta yi kaɗan a wannan awo, sai da tafiyar haske. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan, minti 8 yake yi. Amma kafin ya ratsa birninmu daga wannan baki zuwa wancan, sai ya shekara 100,000.

Ƙauye mafi girma shi ne Babban Gajimaren Magelan. An sa masa sunan wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Fotugal. Haskensa yakan yi wajen shekara 160,000 kafin ya iso mu. Ƙanensa, Ƙaramin Gajimaren Magelan, shekara 200,000. Mutanen kudancin Afirka suna ganinsu da ido ƙuru-ƙuru. A ƙasar Hausa kuwa suna can ƙasa-ƙasa ta kudu, kuma hazo yakan rufe su.

A watan Fabrairu na 1987 aka ga wani tauraro ya fashe a cikin babban. Abin mamaki, fashewar ta auku tun shekara 160,000 da suka wuce. Labarin ne bai iso ba sai a lokacin.

Mai karatu zai ce, wa ya je can ya auno? Ba wanda ya je. A tuna da fitilar ƙwai. Wanda ya san ƙarfin haskenta, idan ya hango ta cikin dare ta dushe, zai iya ƙiyasta nisan mai riƙe da ita. A 1912 wata mata Ba'amurkiya, Henrietta Leavitt, ta lura da wasu taurari a ƙaramin gajimaren, waɗanda haskensu ke ƙaruwa yana raguwa. Ta gano cewa wanda ya fi jinkirin yin haka, shi ya fi haske na gaskiya. Su ne suka zama fitilun awo. In an san nisa kuwa, sai a san girma.

A ɗauka faɗin birninmu kilomita 10 ne. Babban gajimaren zai kasance kilomita 16 daga inda muke, ƙaramin kuma kilomita 20. Akwai wani mai suna Segue 2 da aka gano a 2009. Taurarinsa ba su fi kamar 1,000 ba. A wannan misali faɗinsa bai wuce na gida ɗaya ba. Wannan ko ƙauye bai kai ba, ruga ce. Shi ya sa irinsa suke da wuyar ganowa, sai da manyan na'urorin hangen nesa.

Zama kusa da birni yana da haɗari. A 1994 masana a Ingila suka gano wani ƙauyen mai suna Sagitariyas, a nisan tafiyar haske ta wajen shekara 70,000. Ya matso kusa ƙwarai, har ƙarfin jan birninmu yana yage shi. Taurarinsa sun watse a doguwar hanya, kamar hatsin da ke zuba daga hujajjen buhu. Yadda birnin Kano ya haɗiye ƙauyukan gefensa suka koma unguwanni, haka Hanyar Madara take haɗiye wannan a hankali.