Daga Fuska Uku Zuwa Siffa Ɗaya: Yadda Ake Tayar da Zanen Gini a Kwamfuta

Ɗalibin harshe ya saba da kalmar "otogirafi", wadda muke fassarawa da ƙa'idojin rubutu. To injiniyoyi da masu zanen gini su ma suna da nasu otogirafin, kuma tushen kalmar ɗaya ne a Girkanci, wato "miƙaƙƙe" da "rubutu" ko "zane". Wannan muƙala za ta dubi irin wannan zane, da yadda ake juya shi ta hanyar kwamfuta ya koma siffar da kowa zai gane.

Bari mu ɗauki misali daga Kasuwan Magani da ke ƙaramar hukumar Kajuru, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia. Rikicin watan Oktoba na 2018 ya ci rayuka a garin, ya kuma ƙona kasuwa, har gwamnatin jiha ta gina sabuwa aka buɗe ta a 2021. Gini irin wannan a takarda yake farawa. Mu ƙaddara shago guda mai faɗin mita 3, zurfin mita 4, tsayin mita 3. Mai zane zai fitar da shi ta fuska uku: yadda yake in ka tsaya a gabansa, yadda yake ta gefe, da yadda yake in an leƙo shi daga sama. Kowace fuska shimfiɗaɗɗiya ce, awo biyu kawai take nunawa. Bafaranshen nan Gaspard Monge ne ya tsara ƙa'idojin wannan hanya, littafinsa ya fito a 1799. Magini na son ta saboda awonta ba ya ƙarya. Amma miƙa wa mai sayar da hatsi wannan takarda ka ce ga shagonsa, murabba'i uku zai gani, alhali kuɗinsa zai zuba.

A nan ne ake buƙatar zanen aisometirik, wanda ma'anarsa "awo daidai". Farfesa William Farish na Jami'ar Kambirij ya bayyana shi a 1822. Ana nuna gaba da gefe da sama a hoto ɗaya, kamar mutum ya hau bene yana hangen shagon ta kusurwa. Dokarsa ba ta da yawa. Layin tsaye yana nan a tsaye. Layukan faɗi da na zurfi kuwa sai su karkata da digiri 30 daga kwance, ɗaya dama ɗaya hagu, ta yadda tsakanin kowane biyu daga cikin ukun akwai digiri 120.

A manhajar AutoCAD, wadda ta fito a 1982, mai zane zai fara kunna yanayin aisometirik da umarnin ISODRAFT. Maɓallin F5 yana sauya fuskar da ake aiki a kai, hagu ko sama ko dama, F8 kuma yana hana layi kaucewa. Daga nan sai ya zana akwatin da zai haɗiye shagon duka: faɗi da tsayi daga fuskar gaba, zurfi daga fuskar gefe. Sauran aikin sassaƙa ne, a yanke gurbin ƙofa, a fitar da taga, a goge layukan da bango ya ɓoye.

Wurare biyu ne sabon hannu ke tuntuɓe. Na farko shi ne layin da bai bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku ba, kamar gangaren kwanon rufi. Ba a ɗauko tsawonsa daga fuskar gefe a ɗora, domin a aisometirik zai ƙaru ko ya ragu. Abin da ake yi shi ne a nemo inda ya fara da inda ya ƙare ta hanyar auna tsayi da zurfi, sannan a haɗa su. Na biyu da'ira ce. Bakin tankin ruwa da ke kan rufi ba zai fito zagayayye ba, siffar ƙwai zai ɗauka, kuma kwanciyar ƙwan ta danganta da fuskar da yake. Manhajar tana da zaɓin Isocircle a ƙarƙashin umarnin ELLIPSE don wannan, amma in ka manta ba ka danna F5 ba, za ka ga tankin ya manne a bango.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ita ce mafi yawan ƙwararru ke bi yanzu: a zana kallon sama, a ja shi ya tashi mita 3 ya zama jiki mai kauri, sai a umarci kwamfuta ta juya shi zuwa kusurwar da ake so. A ganina bai kamata mai koyo ya fara da ita ba, kamar yadda ba a ba ɗan aji ɗaya na'urar fassara kafin ya san nahawu.

Dalili kuwa, kwamfuta ba ta karanta maka fuskokin. Tsari biyu ake da shi na jera su a takarda. A tsarin kusurwa ta ɗaya, wanda Turai ta fi bi, kallon sama yana ƙarƙashin fuskar gaba, abin da aka gani ta hagu kuma a dama ake ajiye shi. A tsarin kusurwa ta uku na Amurka, kallon sama yana bisa, hagu kuma na hagu. Ana sa wata 'yar alama mai kama da mazurari a gindin takarda don a nuna wanda aka bi. Wanda bai duba ta ba zai fitar da hoto tsaf, kowane layi a digiri 30, amma tagar da aka nufa ta kalli lungu sai ta koma jikin bangon maƙwabci.