Dajin Afaka da gawayin garin Kaduna

Kaduna ba hamada ba ce, ba ta ma cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa a Najeriya. Amma duk wanda ya ga buhunan gawayi a Kawo ko Mando ya san ana cin daji.

Gaba kaɗan da Mando, a ƙaramar hukumar Igabi, akwai dajin gwamnati na Afaka, da kwalejin tarayya mai horar da ma'aikatan gandun daji. Ilimin yana nan kusa, sai dai bai cika kaiwa ga mai saran icce da manomin ƙauye ba.

Me ya kamata su ji? Kirya da ake ƙonawa don gawayi tana shekaru kafin ta girma. Ɗorawa da kaɗanya kuwa, daddawa da man kaɗe suke bai wa mata kowace shekara. In an cinna wa daji wuta don farautar gafiya, 'yan tsiro ke fara ƙonewa.

Ya kamata kuma su ji cewa a Maraɗi, tun wajen 1983 manoma ke koya wa juna barin tohon kututture ya girma a gona. Dabarar ba ta buƙatar sayen dashe ko ban ruwa.